Harajin ciniki da masu ɗaukar hoto a Amurka: kaya suke sayarwa ko aiki?

Mutum ya ɗauki kyamara ya tafi wurin biki, ya yini a tsaye, ya koma gida ya kwashe kwanaki yana tace hotuna a kwamfuta, sannan ya miƙa wa masu biki abinsu ya karɓi kuɗinsa. To, kaya ya sayar ko aiki ya yi? A Amurka wannan tambaya ba ta fatar baki ba ce, domin a kan amsarta ne hukumar haraji ta jiha ke yanke ko wajibi ne mai hoton ya ƙara harajin ciniki a kan rasit ɗin da ya ba abokin cinikinsa. Masu hoto da yawa, musamman waɗanda suka shigo sana'ar a ƙarshen mako don ƙarin abin sakawa a aljihu, sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa gwaninta suke sayarwa, saboda haka harajin bai shafe su ba. A wasu jihohin suna da gaskiya. A jihohi da dama kuwa bashi ne ke taruwa a wuyansu shekara da shekaru, ba za su sani ba sai ranar da wasiƙar hukuma ta iso.

Abubuwa biyu ne suka ƙara dagula lamarin. Na farko, hoto ya bar takarda ya koma waya da intanet, alhali dokokin an rubuta su ne a zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Na biyu, hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2018 ya ba jihohi damar bin 'yan kasuwar da ko sau ɗaya ba su taɓa taka ƙasarsu ba.

Haraji biyu ne, kada a haɗa su

Ruɗanin farko daga nan yake tasowa. Mai hoto zai ce ai yana biyan haraji duk shekara. Gaskiya ne, amma wanda yake nufi harajin kuɗin shiga ne, wanda ake lissafawa a kan ribar da ya samu, ya kuma biya hukumar haraji ta tarayya, IRS, da ta jiharsa idan jihar na karɓa. Wannan daga aljihunsa yake fita. Harajin ciniki daban ne. Mai saye ne ke biyansa, a kan farashin abin da ya saya, ko mai sayarwa ya ci riba ko ya faɗi. Aikin ɗan kasuwa shi ne ya karɓa ya kai wa jiha.

Gwamnatin tarayya ba ta da hannu a cikinsa ko kaɗan. Amurka ba ta da harajin ciniki na ƙasa baki ɗaya, ba ta kuma da harajin VAT irin wanda yawancin ƙasashen duniya ke karɓa a kowane mataki daga masana'anta zuwa kanti. Nata ana karɓarsa sau ɗaya ne, a hannun mai saye na ƙarshe. Jihohi 45 da gundumar babban birnin ƙasar suna da shi. Biyar ba su da shi a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon, duk da cewa a Alaska garuruwa da yawa na karɓar nasu.

Adadin ma ba ɗaya ba ne. Jihar Kolorado na karɓar kashi 2.9 cikin 100, Kalifoniya kuma tana farawa daga 7.25. Daga nan gunduma ta ɗora nata, birni ya ɗora nasa, wani lokaci har hukumar sufuri ta yankin ta ƙara. A Tekzas jiha na da 6.25, da na ƙananan hukumomi yana iya kaiwa 8.25. A birnin Niyok jimillar 8.875 ce, a Cikago kuwa ta haura kashi 10. Unguwanni biyu da titi ɗaya ya raba suna iya samun adadi daban.

Inda mai hoto ya faɗa tsakani

Yawancin jihohi sun ƙirƙiro wannan haraji ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, harajin gidaje da filaye ya daina shigowa yadda aka saba. A wancan zamanin ciniki na nufin abin da hannu ke taɓawa: takalmi, kujera, rediyo. Don haka aka gina dokar a kan kayan da ake iya gani, a auna, a ɗauka. Aikin lauya da na likita da na akanta aka bar su a waje, kuma a jihohi da yawa har gobe suna waje.

Mai hoto ya faɗo tsakiyar waɗannan biyu. Abin da ake biya dominsa a zahiri idonsa ne da iya sarrafa haske da sanin lokacin danna maɓalli. Takardar da aka buga hoton a kai ba ta kai komai ba. Sai dai hukumomin haraji a jihohi da yawa ba haka suke kallon abin ba. A wurinsu mai hoto kamar mai ƙera kaya ne: duk wahalar da ya sha, ya sha ta ne don ya samar da hoto, kuma hoton shi ne abin da abokin ciniki ya zo nema. Ba a cire ladan kafinta daga farashin teburi kafin a lissafa haraji, saboda haka ba a cire ladan ɗauka daga farashin hoto.

Abin da wannan ke nufi a aikace yana da nauyi. Idan ciniki ya ƙare da hoto na takarda, ko albam, ko hoton bango a cikin firam, to a jihohi da dama harajin ba a kan albam ɗin kaɗai yake hawa ba. Yana hawa kan duka kuɗin: na zaman ɗauka, na sa'o'in biki, na tacewa, sau da yawa har da kuɗin mota da na mataimaki idan an saka su a rasit. Kalifoniya misali ce a fili. Dokarta ta masu hoto ta ce kuɗin zaman ɗauka yana cikin farashin hoton da aka sayar, ko da hoton an yi shi ne musamman don mutum ɗaya.

Nan ne masu hoto da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Sai su raba rasit gida biyu, su rubuta aiki dala 2,700, albam dala 300, su karɓi haraji a kan dala 300 kawai, suna ganin sun sauke nauyi. Akwai jihohin da suka yarda da irin wannan rabo idan an rubuta kowane a layinsa. Akwai kuma waɗanda ke duba yarjejeniyar tun daga tushe: idan tun ranar da aka sa hannu an san albam na cikin abin da za a bayar, to ciniki ɗaya ne, raba takarda ba ya mai da shi biyu. Ma'aunin da kotuna da hukumomi ke yawan amfani da shi shi ne tambayar mene ne ainihin abin da mai saye ya zo nema. Wanda ya je wurin lauya shawara ya je nema, takardar da aka rubuta ta a kai rakiya ce kawai. Wanda ya kira mai hoto kuwa, da wuya a ce ba hoto ya zo nema ba.

Da hoto ya bar takarda

Yau masu hoto da yawa ba sa wanke ko ɗaya. Suna ɗora hotuna a shafin intanet, abokin ciniki ya sauke a wayarsa. Hannu bai taɓa komai ba. Tsohuwar doka ta ce kayan da ake taɓawa, to ina aka dosa?

Kowace jiha ta ba da tata amsar. Kalifoniya ta tsaya kan tsohon ma'auni: hoton da aka tura ta intanet zalla, ba tare da an miƙa wani abu a hannu ba, babu haraji a kansa. Amma da zarar an haɗa da filashi ko faifai ko hoto ɗaya na takarda a cikin cinikin, duka kuɗin ya shiga haraji. A lissafa: aikin biki na dala 3,000 da aka tura ta intanet, harajinsa sifiri ne. Aiki iri ɗaya da aka zuba a filashi aka saka a ɗan akwati mai kyau don a faranta wa amarya, harajinsa aƙalla dala 217.50 ne, kuma ya fi haka a yawancin biranen jihar. Filashin da bai kai dala goma ba ne ya jawo wannan bambanci. Na fahimci dalilin da doka ta bi ta nan, domin dole ta ja layi a wani wuri. Duk da haka ina ganin dokar da ke hukunta mutum saboda kyautatawar da ya yi wa abokin cinikinsa tana buƙatar gyara.

Wasu jihohin sun rufe wannan ƙofa. Tekzas na ɗaukar hoton da aka tura ta intanet daidai da na takarda, tana karɓar haraji a kansa. Jihar Washinton ta yi dokar harajin kayan intanet tun 2009. Pennsylvania ta bi sahu a 2016, Maryland a 2021, kuma jerin na ƙara tsawo. Dalilin a bayyane yake. Littafi da waƙa da fim da hoto duk sun koma waya, kuɗin da jihohi ke samu daga cinikinsu ya tsiyaye, su kuwa makarantu da tituna ba su daina cin kuɗi ba. Saboda haka mai hoton da ya bincika shekaru biyar da suka wuce aka ce masa babu haraji, bai kamata ya kwanta a kan wannan amsar ba.

Akwai kuma rukuni na uku, inda tambayar kaya ko aiki ba ta da wani tasiri sosai. Hawai da New Mexico da Dakota ta Kudu suna karɓar haraji a kan yawancin ayyuka ma. A Hawai da New Mexico harajin a kan kuɗin da ɗan kasuwa ya karɓa yake, doka ta ɗora shi a kansa ne kai tsaye, ko da yake an saba ya tura wa mai saye.

Aikin kamfanoni yana da nasa sarƙaƙiyar. Idan kamfani ya biya mai hoto don samun izinin amfani da hoto a talla na wani lokaci, abin da aka sayar haƙƙin amfani ne, kuma jihohi sun sha bamban kan yadda suke lissafa shi. Wanda yake irin wannan aiki bai kamata ya ɗauki hukuncin hoton biki ya ɗora a kai ba.

Kuɗin ba na mai hoto ba ne

Wannan ne zuciyar maganar, kuma shi ne abin da ya sa harajin ciniki ya fi sauran haraji haɗari ga ƙaramin ɗan kasuwa. Doka na ɗaukar kuɗin da aka karɓa a matsayin amana. Mai hoto a nan ɗan aike ne da aka ba saƙo ya kai: kuɗin sun bi ta hannunsa, sun kwana a asusunsa, amma ko na minti ɗaya ba su zama nasa ba.

Abubuwa da dama suna biyo bayan wannan. Idan bai karɓa ba alhali ya kamata ya karɓa, jiha ba za ta bi ma'auratan da aka ɗaura wa aure shekaru uku da suka wuce ba. Shi za ta bi. Kuma babu mai hoton da zai iya kiran tsofaffin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya ya ce su ciko. Harajin da asali ba nasa ba ne ya koma kansa. A ɗauki mai hoton da ke yin biki 30 a shekara, kowanne dala 3,000, a garin da jimillar haraji ta kai kashi 8.25. Kowane biki dala 247.50 ne. A shekara dala 7,425. A shekara uku dala 22,275, kafin a ɗora tara da kuɗin ruwa. Ga mai sana'ar da ke aiki shi kaɗai daga ɗakin gidansa, wannan adadi ya isa ya rufe sana'ar.

Yi wa sana'a rajistar kamfani ba ya kare mutum a nan. Masu hoto da yawa na buɗe ƙaramin kamfani irin wanda ke raba dukiyar mutum da bashin kasuwancinsa, kuma hakan na da amfani a wurare da yawa. Amma jihohi na da dokokin da ke ba su damar tsallake kamfanin su kama wanda ke da alhakin karɓa da miƙawa, a kan dukiyarsa ta kansa. Ko kotun da ke sauraron ƙarar karayar arziki ba ta cika yafe harajin da aka karɓa amana ba.

Mafi muni shi ne wanda ya karɓa bai kai ba. Wannan ya wuce sakaci, laifi ne da ke iya kai mutum gaban alƙali. Kuma galibi ba da niyyar zamba ake faɗawa ciki ba. Kuɗin haraji na zaune a asusu ɗaya da na sana'a, kyamara ta lalace ana gobe biki, mutum ya taɓa da niyyar mayarwa, lokacin sanyi ya zo aiki ya yi ƙasa, ranar biya ta riske shi hannu wayam. Shi ya sa akantocin da ke aiki da ƙananan 'yan kasuwa ke nanata a buɗe asusu na dabam, duk ranar da kuɗi suka shigo a cire na jiha a zuba can.

Akwai kuma batun wa'adi. Wanda ya yi rajista yana miƙa rahoto, hukuma na da 'yan shekaru ne kawai da za ta iya komawa baya ta bincike shi, uku a Kalifoniya, huɗu a Tekzas. Wanda bai taɓa miƙa rahoto ba bai da wannan kariya. A Kalifoniya ana iya komawa shekara takwas, a jihohi da yawa kuwa babu iyaka sam. Yin shiru ba ya sa bashin ya tsufa ya mutu. Hanyar da ta rage wa irin wannan mutum ita ce shirin kai kai da jihohi da yawa ke da shi: ya je da ƙafarsa kafin a neme shi, a taƙaita shekarun da za a lissafa, yawanci uku ko huɗu, a kuma yafe tara. Sharaɗin shi ne hukuma ba ta riga ta tuntuɓe shi ba. Idan wasiƙa ta riga shi, ƙofar ta rufe.

Wace jiha ce ke da haƙƙi a kansa?

Shekaru da dama ƙa'idar mai sauƙi ce. Jiha ba ta iya tilasta wa ɗan kasuwa karɓar harajinta sai yana da shago ko ma'aikaci ko rumbun kaya a cikinta. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1967, ta sake jaddadawa a 1992 a shari'ar kamfanin Quill da jihar Dakota ta Arewa. Da cinikin intanet ya bunƙasa, jihohi suka ga kuɗi na wuce su, masu shagunan gari kuma suna kukan ana yi musu rashin adalci. Dakota ta Kudu ta yi doka da gangan don a kai ta kotu. Ranar 21 ga Yuni 2018, a shari'arta da kamfanin Wayfair, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka rushe tsohuwar ƙa'ida. Mai shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Alƙalin alƙalai John Roberts, wanda bai yarda ba, ya yi nuni da cewa hukumomin da ke karɓar harajin ciniki a ƙasar sun haura 10,000, kuma nauyin bin dokokinsu zai fi danne ƙananan 'yan kasuwa.

Tun daga nan kowace jiha mai harajin ciniki ta kafa nata ma'aunin cinikin da idan ɗan kasuwar wata jiha ya kai shi a cikinta, wajibi ne ya karɓi harajinta, Missouri ce ta ƙarshe a farkon 2023. Dokar Dakota ta Kudu ta asali ta ce cinikin dala 100,000 a shekara ko ciniki 200, kuma jihohi da yawa sun kwafe ta. Kalifoniya da Tekzas sun ɗaga nasu zuwa dala 500,000. Gaskiyar magana, mai hoto ɗaya da wuya ya yi cinikin dala 100,000 a wata jiha da ba tasa ba. Ma'aunin yawan ciniki ne ke da tarko, domin mai sayar da ƙananan hotunan shimfiɗar ƙasa ta intanet yana iya kai 200 da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Jihohi da dama sun gane haka sun cire shi, har da Dakota ta Kudu kanta a 2023.

Sai dai hankalin masu hoto ya tafi kan sabon hukuncin har suna mantawa da cewa shiga jiha da jiki ko da kaya har yanzu na iya ɗora wa mutum nauyin karɓar harajinta, kuma wannan ne ya fi shafar su. Mai hoto mutum ne mai yawo. Idan ya tsallaka iyaka ya yi kwana biyu yana ɗaukar biki a jihar maƙwabta, ko ya kafa rumfa a baje kolin zane yana sayar da hotuna, ya shiga jihar da ƙafarsa da kayan aikinsa. A wasu jihohin wannan kaɗai ya isa ya sa wajibi ya yi rajista, wasu kuma na ba da lasisin wucin gadi na kwanakin baje koli.

Ko a cikin jiha ɗaya akwai tambayar adadin wane gari za a yi amfani da shi. Yawancin jihohi sun ce na inda mai saye ya karɓi kayan. Kaɗan, irin su Tekzas ga 'yan kasuwar cikin gida, sun ce na inda mai sayarwa yake. Ga hoton da aka sauke ta intanet, galibi adireshin mai saye ake bi. Wanda ke sayarwa ta manyan kasuwannin intanet irin su Etsy ya huta da wannan, domin dokokin jihohi sun ɗora wa kasuwar alhakin karɓa da miƙawa. Amma shafin da mai hoto ke ajiye hotunan abokan cinikinsa ba lallai ne ya zama irin wannan kasuwa ba. Wani shafin yana lissafa harajin ne kawai ya zuba wa mai hoton a asusu, miƙawa ta rage gare shi.

Abin da shi kansa yake saye

Tun da harajin na mai saye na ƙarshe ne, mai hoton da ya yi rajista ba ya biyansa a kan abin da ya saya don ya sake sayarwa. Albam da firam da hotunan da kamfanin wanki ya buga masa, yana miƙa takardar shaidar sari a sayar masa babu haraji, shi kuma ya karɓa a hannun abokin cinikinsa. Wanda bai san wannan ba yana biya sau biyu a kan abu ɗaya. Kuma biyan da ya yi wa kamfanin wanki bai sauke masa nauyin karɓa a kan farashin da shi ya sayar ba, wanda ya ninka na sari.

Kyamara da fitilu da kwamfuta ba na sayarwa ba ne, shi ne mai amfani da su, don haka a ƙa'ida yana biyan haraji a kansu, sai a jihohin da suka yi wa kayan sarrafa hoto rangwame irin na masana'antu. Amfani da takardar sari wajen sayen kayan da mutum zai riƙe wa kansa laifi ne, kuma yana cikin abubuwan farko da mai bincike ke dubawa. Idan kuma ya sayi kyamara daga wata jiha ko wata ƙasa ba a caje shi haraji ba, akwai harajin amfani, ɗan'uwan na ciniki, a adadi iri ɗaya, wanda shi zai lissafa ya biya jiharsa da kansa.

Rajista da aikin yau da kullum

Wannan ɓangaren bai kai sauran wuya ba. Ana neman lasisin karɓar haraji a hukumar haraji ta jiha kafin a fara karɓa, ta intanet, kuma a Kalifoniya da Tekzas kyauta ne. Hukuma ce ke faɗa wa mutum ko duk wata zai miƙa rahoto, ko duk wata uku, ko sau ɗaya a shekara, gwargwadon cinikinsa. Ko bai sayar da komai ba a wannan zangon sai ya miƙa rahoton sifiri, domin rashin yin hakan ma na jawo tara. A Tekzas dala 50 ce kan kowane rahoto da ya makara, sannan kashi 5 na harajin idan jinkirin bai wuce kwana 30 ba, kashi 10 idan ya wuce. Jihar tana barin wanda ya biya a kan lokaci ya riƙe rabin kashi ɗaya cikin 100 a matsayin ladan wahalarsa.

Wurare biyu ne ke buƙatar kulawa. Ɗaya shi ne kafin alƙalami: yarjejeniya ta fayyace tun farko cewa za a ƙara haraji, don kada a zo ranar cikon kuɗi ana ja-in-ja. Wanda ya ce farashinsa ya haɗa da haraji kuwa, ya sani daga dala 3,000 a kashi 8.25, nasa dala 2,771.36 ne, saura dala 228.64 na jiha ne. Ɗayan shi ne abokan cinikin da ke cewa an yafe musu haraji, kamar makarantu da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Faɗa da baki ba ta wadatar ba, sai an karɓi takardar shaida an adana, kuma ba kowace jiha ce ke yafe wa kowace ƙungiyar agaji ba.

Hujjar kowane ɓangare

Jihohi na da hujja mai ƙarfi. Harajin ciniki na cikin manyan hanyoyin kuɗin shigarsu, a jihohin da ba sa karɓar harajin albashi irin su Tekzas da Fulorida kuwa shi ne ginshiƙi. Suna cewa hoto hoto ne, ko a takarda ko a waya, kuma ba adalci ba ne mai sutudiyo da ke wanke hoto ya riƙa cajin haraji, maƙwabcinsa da ke turawa ta intanet ya tsira. Masana haraji da yawa ma na ganin faɗaɗa harajin zuwa ayyuka tare da rage adadinsa ya fi barin wasu sana'o'i a waje saboda kawai suna da masu kare su a majalisa.

Masu hoto kuma suna tambayar me ya sa aikin lauya da na akanta ke waje, nasu na ciki, alhali duka ƙwarewa ake biya. Waɗanda ke bin doka suna da wani kukan na daban, kuma shi ya fi taɓa ni. Mai hoton da ya yi rajista yana faɗa wa amarya dala 3,247.50, wanda bai yi ba yana faɗa mata dala 3,000 cif. A idon mai saye na farkon ya fi tsada, alhali ko sisi bai ƙaru da shi ba. Mai gaskiya ne ke rasa ciniki, kuma muddin hukuma ba ta wayar da kan sababbin shiga ba, ita ce ke ciyar da wannan rashin daidaito gaba.

Ga iyalin da ke neman mai hoto, tasirin a aljihu yake kai tsaye. Harajin ciniki ba ya duba ƙarfin mai saye, don haka ya fi nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi. Yana kuma sauya abin da mutane ke zaɓa. A jihar da hoton intanet ba shi da haraji amma albam na jawo shi kan duka kuɗin, akwai iyalan da za su haƙura da albam, su bar hotunan bikinsu a waya.

A ganina matsalar ba wanzuwar harajin ba ce. Matsalar ita ce an mai da mutum ɗaya mai kyamara ma'aikacin tattara kuɗin jiha, aka ba shi dokokin da ko akanta sai ya zauna ya yi nazari, sannan kuskurensa ake biya daga aljihunsa. Babban kamfani na da sashen haraji da manhajar da ke lissafa adadin kowane titi. Mai hoton da ke aiki shi kaɗai, shi ne mai ɗauka, mai tacewa, mai talla, mai rubuta rasit. An yi yunƙurin sauƙaƙawa: tun farkon shekarun 2000 jihohi suka ƙulla yarjejeniyar daidaita ma'anonin kalmomi da rajista ta ƙofa ɗaya, kuma jihohi 24 ne ke cikinta. Amma Kalifoniya da Tekzas da Niyok da Fulorida, jihohi huɗu mafi yawan jama'a, duk suna waje.

Kafin hakan ya sauya, abin da ke hannun mai hoto shi ne ya daina dogaro da abin da abokin sana'a a wata jiha ya faɗa masa. Hukumomin haraji na jihohi da dama sun wallafa bayani na musamman kan masu hoto, kuma suna amsa tambaya a rubuce. Amsar da aka bayar ta waya ba ta cika zama hujja ba ranar bincike. Wadda hukuma ta rubuta, bayan mutum ya bayyana mata dalla-dalla abin da yake sayarwa da yadda yake miƙa shi, a jihohi irin su Kalifoniya tana iya kare shi daga biyan haraji da tara idan daga baya aka gano hukumar ce ta yi kuskure.